Rabin Aski

Kawuna mai aski ne, kuma shi ke sasanta 'yan unguwarmu. Idan mutum biyu suka saɓa, sai ya zaunar da su a benci ɗaya, ya aske wa kowa rabin kai, ya ajiye aska. "To, ku yi magana. Wanda ya isa ya fita haka!" Dariya ce ke kashe rigimar.

Yanzu 'ya'yansa biyu, ƙatti da gemu, ba sa ga maciji da juna saboda shagon. Hannun Kawu kuwa ya shanye.

Ya kira su, suka toge a bakin ƙofa.

"Ku zauna mana," ya ce.

Babu wanda ya zauna. Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa.