Siririyar Bindigar Dikko

A ƙofar wani kanti a unguwar Al Gharrafa, can ƙasar Larabawa, akwai wani mai gadi ɗan Arewa, an rubuta Dikko a ƙirjin rigarsa. Tumbinsa ya fi ƙarfin bel. Ya duƙufa kan waya yana zaɓen bindiga, siririya, wadda za ta ɓuya a ƙugu.

"Wannan ta yi kauri, za a gane," yake ce wa abokin aikinsa, yana cusa wayar ƙarƙashin riga don gwaji.

Mutumin da ko sanda kafil, wato ubangidansa, bai ba shi ba! Ina jin hutu ne ya matso, hanyar garinsu kuma ba lafiya.

Sai kyanwa ta diro daga kwandon shara. Dikko ya daka tsalle, wayar ta faɗi ta tsage.

"Khalas, shi ke nan," in ji abokin. "An kwance maka ɗamara."