Tuffa Uku a Aljihun Kwat

Tsvetana mace ce mai lissafi, haka kowa ya san ta a garin Troyan tun tana yarinya. Da mahaifinta Marin ya rasu, aka sayar da gidansu, mahaifiyarta Ginka za ta koma wajenta a birnin Pleven, ita ta ɗauki nauyin sayar da tarkacen gidan ta intanet. Ranar Asabar sabon mai gida zai karɓi makulli, abin da ya rage kuma sai bola.

Ta sayi ƙaramin sikeli. Kowane kaya sai ta auna shi da kwalinsa kafin ta faɗa wa mai saye kuɗin aike. Amma duk lokacin da ta kai ofishin aika kaya, sai nauyi ya haura. Ta zargi sikelinta, ta zargi nasu, har ta yi cacar baki da ma'aikaciyar wurin. Ashe ɓarnar daga gida take. Wata mata da ta sayi labule ta rubuto tana godiya da kwalbar zumar da ta tarar a cikin kwalin.

"Mama, wace zuma kuma?"

"Haba, Tsvetana! A aika wa mutum kaya haka nan gayansa? Sai a ce 'yan Troyan ba su da tarbiyya."

"Ciniki ne, Mama, ba biki ba! Ba ki ma san ta ba!"

"To ai yanzu ta san ni."

Haka aka yi ta fama. Tafarnuwa a cikin takalmi, cuku a cikin tukunya. Labulen da aka sayar a kan kuɗi leva goma, zumar da ta bi shi ta fi shi tsada. Tsvetana ta koma liƙe kwali da kanta, tana kulle shi a mota. Takaici kamar ya kashe ta.

Ranar Juma'a kwat ɗin sanyi na mahaifinta kaɗai ya rage. Ba wanda zai sa shi a dangi, ɗakinta na Pleven kuwa ko tsintsiya sai an nema mata wuri. Wani mutum a Varna ya saya, shi zai biya kuɗin aike idan ya je karɓa, kuma ya gindaya sharaɗi: in ya wuce kuɗin kilo biyu, ba ya so, a mayar. A mayar ina? Tsvetana ta auna sau biyu, ta tabbatar bai kai ba, ta fita nemo salatif.

A ofis ma'aikaciyar ta ɗora kwalin, ta dube ta.

"Yau ma ya haura, baiwar Allah."

Tsvetana ta farke kwalin a nan kan teburin ofishin, ta lalube aljihu. Tuffa uku, na bishiyar bayan gida. Ta kira mahaifiyarta a waya.

"Mama! Don girman Allah, so kike a zubar da shi a bola?"

Ginka ta ce, "Tun da na aure shi bai taɓa fita daga gidan nan aljihu ba komai ba. Yau da zai yi tafiya mafi nisa ne zan bar shi?"

Tsvetana ta kashe wayar. Haushi bai sake ta ba, ga kuka ya zo mata. Mutanen layi sun fara tsaki. Ta ciro tuffa ɗaya, sikeli bai sauka yadda ake so ba. Ta ciro ta biyu, har yanzu da saura kaɗan. Ta dubi ta ukun, ta kai baki ta gatsa, ta mayar kan sikeli. Ta sake gatsa.

"Ya isa," in ji ma'aikaciyar a hankali. "Amma mai sayen zai ga an ci rabi."

"Ya gani mana," Tsvetana ta ce da cikakken baki, tana share ido da bayan hannu. Ta cusa ragowar a aljihun ƙirji, ta ɓalla maɓallin. "Miƙo min salatif."