Garin da Iya Ta Ci

'Ya'yana suna da wani wasa a jarida, na cike gurabe da kalmomi. In tambaya ta gagare su, sai su juya shafi su leƙa amsa, kyauta, ko kunya babu. Mu a zamaninmu amsa ba ta zuwa a banza. In kacici-kacici ya ƙi ka, sai ka ba mai shi gari, in garin ya yi masa sannan ya warware maka. Ni kaɗai na ba kakata Iya garuruwan da sun fi na gwamna yawa. Na ba ta Bici, na ba ta Dawanau da buhunanta, na ba ta Ikko da ban taɓa gani ba.

"Mijina ragon banza," haka take ce mini, "kai da tunani kamar an haɗa ku faɗa."

A shekarun fari ne, a ƙauyenmu arewa da Ɗambatta. Kunun gidanmu ya yi ruwa har in ka leƙa ƙwarya kana ganin haƙoranka. Ɓerayen rumbunmu da kansu suka yi mana sallama suka tafi. Gida-gida ake tashi. Babana ma ya faɗa a ƙofar masallaci, a gaban mutane, cewa bayan Juma'a zai kwashe mu zuwa Kano, ba kuma ci-rani ba, tafiya ce gaba ɗaya. Abin da ya rage mana shi ne gora ɗaya ta irin gero, wadda Iya take matashin kai da ita. Baba ya ce a daka a yi guzuri. 

Ranar Alhamis bayan isha'i ta hura wutar kara yadda ta saba, muka kewaye ta. Baba yana gefe yana ɗaure tabarmi.

"Ga ta nan," in ji Iya, "kuma ita ma ba ta ci tuwo ba."

Ta ce wai Yunwa doguwar mace ce, mai kai kamar tulu da ƙafa kamar sillen kara. Gari-gari take bi tana kacici-kacici. Duk sarkin da ya kasa, sai ya ba ta garinsa, mutane su ɗauki kayansu su fice. Haka ta yi ta ci har ta iso wani ƙauye, ta tarar da tsohuwa zaune a kan turmi. Tsohuwa ta ce, ke kullum ke ce mai tambaya, yau tsaya ki amsa nawa.

Nan Iya ta juya wajen Baba. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, ajiye igiyar. Kai ne Yunwa yau."

"Iya, aiki nake."

"Aikin gudu? Ba ya ƙarewa. Saurara. Na binne 'ya'yana da rai ban zubar da hawaye ba. Ranar da wani ya yi musu kuka, suka tashi suka fi ni tsawo."

Muka shiga harbi a duhu. Yayata ta ce gara. Ni na ce aljanu, na sha dundu. Iya takan ce kowace kalma a kacici-kacici aiki aka ɗauke ta, ka tambaye ta me ta zo yi. Wa ke binnewa bai yi kuka ba? Wa ke kuka daga nesa? Amma cikina yana ƙugi, ban ji komai ba sai shi.

Baba ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Na ba ki gari."

"Wanne?"

"Kano."

"Riƙe abinka. Ban san kowa a can ba, kuma an ce ruwan sha ma sayarwa ake."

"Ɗambatta."

"Na ci ta tun jiya a hannun mijina."

"To wanne kike so, Iya?"

Ta buga tafin hannunta a ƙasa. "Wanda nake zaune a kai."

Baba ya tura kara cikin wuta ya ce, "Na ba ki garin nan."

"Na karɓa. Da gonarsa, da rijiyarsa, da mutanen gidan nan. Ba kuma wanda zai fitar mini da mutum ko ƙwayar iri daga garina. Amsar tana cikin gorar can."

Ranar Asabar, maimakon tasha, gona muka nufa muka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta rikice, ta zubar da abincin jikokinta. Iya ta ce su kai ƙara wajen mai garin, ita ce. Ruwa ya yi ta ja mana rai, na rame har inuwata ta daina bina. Da ya sauka, geron da muka samu bai cika rumbu ba. Amma ya kai mu wata damina, a gidanmu.

Sai da na yi gemu, Iya ta daɗe da rasuwa, na tambayi Baba yadda abu mai sauƙi haka ya gagare shi.

Ya harare ni. "Ni da nake binne tun ban iya ɗaura wando ba?"

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na riga na yi magana a gaban maza. Da wace fuska zan ce na fasa? Amma a ce uwata ta ci ni a wasa, wannan kowa zai yi dariya ya wuce."

Tun ranar na daina auna mutum da saurin amsarsa. Bara dillalai suka zo mini da zancen gonar, wai za a yanka filaye. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su fura mai kauri, na ce su yi haƙuri, ba ni da ikon sayarwa. Garin na Iya ne, a gabana ta ci shi, kuma har yau ba wanda ya zo da kacici-kacicin da zai karɓe shi daga hannunta.