Kaka Nomau da cin ranin ƙanƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin wanke-wanke tarhon Inna ya yi ƙara. Na ji ta ce "Yaushe?" sai ta zauna a ƙasa, ko tabarma ba ta jawo ba. Kaka Nomau na Tsibiri, mahaifin babanmu, Allah ya yi masa cikawa bayan sallar asuba.

Ban saba rubutu a nan ba, hotunan mutane kawai nake kallo. Yau dai na kasa yin shiru.

Uwargida yake ce mini. In na je Tsibiri, tun daga bakin zaure yake ɗaga murya: "Ku ba da hanya, uwargida ta dawo daga yaji!" Ni kuma in rufe fuska da mayafi, tsofaffin ƙofar gida su yi ta dariya.

Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini "ke yi magana mana" ba. Sai ya turo mini ƙwaryar gujiya, mu zauna muna ɓara har a kira la'asar. In zan tafi ya ce, "Kai, yau mun sha hira."

Kullum akwai abin da ya ajiye mini a aljihu. Wata rana ya ba ni dabinon da aka wanke tare da rigarsa, har ɗanɗanon sabulu yake yi. Ya ce da gangan ya sa aka wanke mini, tunda ni ƴar birni ce.

Amma abin da nake so in ba ku labari shi ne maganar Yaya Lawali.

Yayana Lawali ya gama karatun aikin otal a Faransa. Baba ya riga ya sa kafinta ya yi masa tebur a butik, wato shagonsa, yana jira ya dawo ya kama harkar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina. Sai Yaya ya bugo ya ce yana roƙon a bar shi ya ƙara lokacin sanyi guda. Wai akwai duwatsu inda dusar ƙanƙara ke rufe komai, mutane su zo daga ko'ina suna zamiya a kanta da katako a ƙafa, abin da suke ce wa siki. Otal-otal na can suna ɗaukar ma'aikata daga shigowar sanyi har ƙanƙara ta narke. Ya ce in bai yi aikin nan yanzu ba, takardarsa takarda ce kawai, kuma izinin zamansa na ƙarewa, ba zai sake samun wannan dama ba.

Baba ya ce, "Ban kai ka karatu don ka hau dutsi ka wanke ma Nasara kwano ba." Ya kashe tarho.

Washegari Yaya ya bugo wa Inna, ya ce a ba ni. Ya ce, "Rakiya, don Allah ki kai ni wurin Kaka."

Haka na ɗauki Yaya cikin tarho, na sa a jaka, na kai shi Tsibiri.

Muka zauna gindin bedi, na kira shi ta bidiyo. Kaka ya karɓi tarhon ya manna a kunne. Yaya yana cewa, "Kaka, kunnenka kawai nike gani." Kaka ya ce, "To da mi kake so in ji ka?"

Da ƙyar na karɓa na riƙe masa. Yaya ya turo hoton masu zamiya, suna gangarowa daga saman dutse kamar an jefo su.

Kaka ya matso da fuska. "Wa ya koro su?"

"Ba kowa, Kaka. Wasa ne."

"Mi suka je ɗaukowa a bisa?"

"Ba komi. Kujerar ƙarfe ke kai su sama, su zamo ƙasa, su koma."

"Nawa ake biyansu?"

"Su ke biya."

Kaka ya sake duban hoton. Can ya ce, "Allah ya ba su lahiya."

Da Yaya ya gama bayanin aikin, cewa girki zai yi musu har ƙarshen sanyi sannan ya dawo gida, Kaka ya buga cinya. "Ashe cin rani za ka! Ka ce mini cin rani mana, ka tsaya kana ta zuba mini Faransanci. Ni da na yi ga-ruwa a Kano tun ubanka bai san hanyar masai ba."

Daga nan fa aiki ya koma hannunsa.

Wurare biyu ne suka ce za su ɗauki Yaya. Sunayensu ko ni na kasa faɗa, sai Kaka ya raɗa musu nasa: Tudu da Kwari. Tudu babban otal ne can ƙololuwar dutse, albashi mai kyau, ana haɗa ma'aikata a ɗaki, kuma a ba ka hawan kujerar ƙarfe kyauta. Abokan Yaya duk can suka nufa, shi ma ransa yana can. Kwari kuwa ɗan ƙauye ne a gindin dutse, gidan abinci ƙarami, albashi bai kai ba, wata tsohuwa ce za ta ba shi ɗaki a bayan gidanta.

Yaya yana ta lissafa alfanun Tudu, Kaka ya katse shi.

"Wa ne mai masaukinka?"

"Kaka, kamfani ne."

"Kamfani ɗan wa? In gari ya waye ba ka hito ba, wa za ya ƙwanƙwasa maka ƙofa? Ni ban taɓa sauka garin da ban gaisa da mai masauki ba. A kira mini shi."

Yaya ya ari tarhon abokinsa ya kira Tudu, ya kara mana muna ji. Muryar wata mace ta fito. Kaka ya gyara zama ya fara: "Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali?" Matar ba ta ko tsaya ba, tana ta zuba. Yaya yana dariya yana cewa na'ura ce, cewa take a danna ɗaya ko a danna biyu.

Kaka ya ce, "Na'ura ko ba na'ura ba, wagga mata ba ta da tarbiyya."

Ta Kwari kuwa sai da Yaya ya shiga mota ya je da kansa. Ranar na koma Tsibiri. Tsohuwa ce fara sol, da tabarau, ta cika tarhon da fuskarta kamar yadda Kaka ke yi. Kaka ya jero mata gaisuwa tun daga kwana har ruwan bara. Duk wadda ya yi sai ta ce "wi, wi." Ya juyo ya ce mini, "Kin ji? Wagga an yi mata tarbiyya."

Sai aka ji ƙararrawa a bayanta. Kaka ya ce mi ne ne. Ashe shanu gare ta, kowace da ƙararrawa a wuya kamar ta lakwal, wato makaranta. Ai kuwa ya manta da Yaya. Ya sa aka shiga garke da tarho. A nuna mini baya. A nuna mini hantsa. A buɗe mini bakin waccan. Yaya mai digiri yana kokawa da bakin saniya, tsohuwa tana riƙe da tarho tana dariya.

Kaka ya ce shanun ba su da tozo, amma wannan ba laifin matar ba ne. Ya ce duk wadda ta ƙosar da dabba haka ba za ta bar ɗan mutane da yunwa ba. "Kwari za ka."

"Kaka, albashin fa?"

"Albashi za ya dafa maka ruwan zahi in masassara ta kama ka? Kai, tambaye ta, tana da miji?"

Ban san lokacin da na ce "Kaka!" ba. Ya ce, "Kun ji uwargida ta hwara kishi."

Saura sanyi. Yaya ya ce sanyin can ya fi na firigo. Kaka ya ce shi ba ya aika yaro inda bai gwada ba. Ranar Juma'a ya zo Maraɗi, ya ce in raka shi wurin wani mai kifi da ya sani, mai ɗakin sanyi. Ya naɗa rawani, ya yi bisimilla, ya shiga. Ko gama gaisawa da mai kifin ban yi ba na ji ana dukan ƙofa daga ciki. Ya fito yana ƙamshin kifi, haƙoransa guda nawa da suka rage suna haɗuwa. Ya zauna a rana ya daɗe. Sannan ya ce, "Yaron ga ko jarumi ne ko mahaukaci. Duka biyun wurina ya gado."

Daga nan muka wuce gidanmu a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, da warin kifin da komai. Ya zauna a kujerar Baba, Baba ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Alhaji, na ji ka yi ma yaro tebur."

"E, Baba."

"Ni ma na taɓa yi ma wani yaro hauya. Sabuwa, da ƙota mai kyau. Da safe na iske ta jingine, yaron ya ari keken mutane ya tahi Jibiya da kwalin sabulu. Ka san shi?"

Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Inna tana bayan labule tana toshe baki.

"Ka bar shi ya ci raninshi. In ƙanƙara ta narke ya zo ya hau teburinka."

Baba ya ce, "Sai yadda ka ce." Amma duk gidan mun san ba yarda ya yi ba. Maganar Kaka ce kawai ta danne shi.

Yaya ya tare a Kwari. Ranar hutunsa ta farko ya ari katako ya gwada zamiya, wani ya ɗauke shi bidiyo. Ya taho kamar gaske, sai ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ya shige cikin ƙanƙara, takalma kawai ake gani. Kaka ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo, ko masu kawo masa kayan lambu daga Jiratawa, sai ya ce, "Uwargida, kada mana Lawali." In na kunna bidiyon faɗuwar ya ƙare, ya ce, "Sake kada shi."

Ganina da shi na ƙarshe satin da ya wuce ne. Na same shi kwance a ɗaki, ya rame, ko tsokanar yaji bai yi mini ba. Na kada masa Lawali, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "In na tahi Lawali bai dawo ba, kada ya taso. Ya yi ma mutane alkawali, ya cika. Ni ma ina Kano nawa uban ya rasu, sai da damina na zo na iske kabari. Addu'a ba ta buƙatar jirgi. Ki hwaɗa ma ubanki."

Na ce, "Ni, Kaka?"

Ya ce, "Ke. Bakin ga naki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta Yaya ya bugo yana kuka, ya ce yana haɗa kaya. Na ji Baba yana ce masa ya taho, gida na nemansa. Kuma kowa ya san in ya taho ya taho ke nan, aikin ya tafi, ba komawa.

Ni a rayuwata ban taɓa fara yi wa Baba magana ba, sai dai in amsa. Ga shi yana zaure cikin maza ana ta gaisuwa. Na zauna cikin mata, ana miƙo mini fura ina cewa na ƙoshi.

Da azahar ya shigo alwala. Na riga kowa ɗaukar buta. Na durƙusa na miƙa masa, amma na kasa sakinta. Yana ja, ina riƙe.

Ya ce, "Ke lahiya?"

Sai na faɗa. Duka, yadda Kaka ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Idona a kan takalminsa.

Baba ya yi tsaye. Ya ce, "Haka ya ce?"

Na ce, "Haka ya ce."

"Ke ya ba saƙon? Duk gidan nan?"

Na ce, "E."

Ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suna motsi, na kasa gane kuka yake ko dariya, ina jin duka biyun ne. Sannan ya ciro tarho ya kira Yaya.

Ya ce, "Lawali, kwance kayan. Ka zauna ka gama aikinka. Tsohon ga ko da ya tahi bai bari na ci gardama ba."

Yanzu Yaya yana can shi kaɗai cikin ƙanƙara yana karɓar gaisuwa ta tarho, mu muna nan Tsibiri.

Ya Allah ka jiƙan Kaka Nomau. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka saukar da shi masauki mafi kyau cikin Aljanna. Yadda ya sa mu dariya, Allah ka sa ya tashi yana murmushi. Ka ba Baba haƙuri, ka dawo mana da Yaya lafiya in lokacinsa ya cika.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu. Ku sa da Yaya Lawali a addu'a. Na gode.