Jarumar Goggo Ba Ta Zare Takobi Ba

Kowace Asabar Goggo mai ɗinki kan ture kekenta gefe, 'ya'yan ƙannenta su kewaye teburin yanka yadi. Wasan labari suke yi: kowa da jaruminsa a takarda, a jefa ɗan lido a gwada sa'a. Sa'a dai ba ta san Goggo ba. Su suna zuba makin da suka ci a ƙarfin jarumansu, ita shekara shida tana zuba nata a mutuncin jarumarta.

Ranar da 'yan fashin labarin suka tare su, za ta jefa sai yaron da ke jan labarin ya dakatar da ita.

"Bari, Goggo. Sun ji sunanki, sun zubar da makamai."

Ta ajiye ɗan lidon.

Goggo ta ce, "To, tambaye su ko sun ci abinci."