Ranar da maigidana ya rage wa tayoyinsa iska

Shekarun baya, tun Turawa na mulki, ina amarya a Wurno, maigidana direban babbar mota ne mai jigila tsakanin Sakkwato, Rabah da Goronyo. Ni mace ce mai son a gaya mini kalamai masu daɗi. Da na tsufa ma littattafan soyayya na kama karantawa, har jikokina na yi mini dariya. Sai Allah ya haɗa ni da mutumin da bakinsa ya fi ƙofar gari nauyi.

Tayoyinsa kuwa suna shan kulawa. Kullum da safe sai ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya buga da ƙarfe ya saurara, ya sa ƙusa ya ciccire tsakuwa. Yakan ce taya a cike take daɗewa, in ta yi laushi zafi take ɗauka ta tsage. A lokacin sabuwar taya sai an yi odarta daga nesa, kuma direban da ya kashe ta yana iya rasa aikinsa.

Cikina na farko ya zube. Da na biyu ya tsufa, aka ce ya kai ni Goronyo gidanmu goyon ciki. Aka sa ni gaba, bayan mota kuma fatake da buhunan gero.

Mun bar Wurno ba da nisa ba muka shiga gargada. Motar ta dinga jijjiga, sai na ji marata ta ɗaure, irin ɗaurewar da na sani a wancan karon. Ɗan fari ne, ko a ɗaki ba ma zancensa, balle a gaban mutane. Na damƙe ƙofa, na cije bakin mayafina.

Ya dube ni sau ɗaya, ya tsaya, ya sauka. Sai na ji tsiii. Yana bin tayoyin yana rage musu iska da hannunsa.

Wani dattijo falke ya leƙo daga sama ya ce, "Direba, mi ya hwaru? Kai da ka cika mu da wa'azin iska, yau kai ka hidda ta?"

Ya ce, "Baba, tayoyin nawa ne ba su da lahiya yau. Sai mun lallaɓa."

Aka yi masa caa. Wani ya ce dama yabon banza ake wa tayoyin nan, wani ya ce da jakinsa ya hau da tuni ya isa. Mutumin da ba ya yarda a taɓa masa taya ya tsaya ana zaginsu, ya ci gaba da rage iskar.

Da muka tashi, motar ta koma kamar ana goyona. Yana tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami. Can sai ya tsaya a inuwa, ya dafa kowace taya ya ji zafinta, ya jira ta huce, mu ci gaba. Tafiyar hantsi ta kai mu har la'asar, fatake suka rasa cin kasuwa. Amma ɗaurewar nan ta sake ni.

A ƙofar gidanmu bai shiga ba, saboda kunyar surukai. Ina kwance a ɗaki ina jin ƙarar famfon hannu, yana mayar da iskar. Mahaifiyata ta leƙa ta katanga, ta daɗe tana kallo, ta dawo ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kike hwaɗi ba ya da magana? Je ki ga rigatai, ta jiƙe sharkaf."

Na haifi 'yata lafiya, yanzu ita ma kaka ce. Taya ɗaya ta tsage a gefe, mai mota ya yi masa faɗa sosai, ban ma sani ba sai da aka daɗe.

Na karanta labaran samari masu alkawarin tsinko taurari, kuma har yau ina son su. Sai dai a cikinsu ban ga wanda ya kai wannan bawan Allah ba. Ya rasu bai taɓa tayar mini da zancen ranar ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba. Ina yi masa ita a kowace salla.