Ranar da na kwance goyo a bakin Binuwai

Mun tashi da asuba daga Miri, nan gefen Bauchi, ni da ƙanwar maigidana da yarana biyu, babbar mai shekara shida, ƙaramin kuma yana bayana. Suna za mu je Jimeta. Amma ni akwai abin da na ƙulla a raina wanda ban gaya wa kowa ba: sai na saka 'yata a jirgin ruwa kafin mu dawo.

Daminar bara ta faɗa kududdufin bayan gidanmu, Allah ya kawo wani maƙwabci ya ciro ta. Tun daga ranar ko wanka sai an yi kokawa. Ga shi hanyar makarantarsu sai an tsallake ɗan rafi idan ruwa ya sauka, kuma damina ta matso. Babanta ya ce idan ba za ta iya ba ta zauna a gida har kaka. Ni ma haka aka ce mini a aji uku, ban sake komawa ba.

A gadar Dindima direba ya tsaya, masu soyayyen kifi suka yanyame motar. Kifin ya fi na kasuwar Wunti araha, ya kuma fi shi yaji. Yarinyar tana hango ruwa a ƙarƙashin gada ta cusa kai cikin hijabina, haka ta yi a gadar Numan ma. Bayan Gombe kuwa ramukan hanya sun sa kowa ya tuna da salati, har wani mai barci a gaba.

Washegarin suna na ce a kai mu bakin kogi. Ni da ban san ruwan da ya fi dam ɗin Gubi ba, da na tsaya gab da Binuwai sai da na ja da baya. Wurin da muka je an yi rumfuna da bencina, ga masu gasa kifi, ga masu ɗaukar hoto. An shimfiɗa katako ya shiga cikin ruwa kamar gada mara ƙarshe, an rataya tsofaffin tayoyi a gefensa don kada jirage su bugu. Jiragen kuma kowanne da igiyarsa a jikin turke, suna ta kaɗa kai kamar awakin da ke jiran dusa. Na tsaya na lura da yadda ake ɗaurin, na kuma zaɓi jirgin wani dattijo saboda na ga ya hana wasu samari shiga sai da suka saka rigar ruwa.

Ya miƙo mini rigar, na ɗora ta a kan goyon, na ƙara tamke majanyi. Ai a sanina babu inda ɗa ya fi tsira kamar bayan uwarsa.

"Haba 'yata, kashe shi za ki yi?" in ji dattijon. "Wannan rigar in mutum ya faɗa ruwa rigingine take kwantar da shi. Fuskarki a sama, shi kuma yana ina?"

Ƙanwar maigidana ta tuntsure da dariya. "Matar yaya, kawo shi nan. Ko kina tsoron in cinye miki shi?"

Tun da na haifi yaron nan ban taɓa yin nisa da shi ba. Na tsaya hannuna a kan ƙullin. 'Yata ta ɗago tana kallon fuskata, na san in na ce mu koma, shi ke nan, ta samu shaida cewa ruwa abin gudu ne. Na yi bisimilla na kwance, na miƙa shi ga ƙanwar maigidana. Ya tsala kuka, bayana ya yi wani irin sanyi, ban waiwaya ba.

Sai a lokacin na ga ashe hannuwana biyu duk sun zama nata. Na ɗauke ta cak, ita da ƙaramar rigar ruwan da dattijon ya saka mata, na taka katakon na shiga. Jirgin ya karkata, na ce wayyo Allah da ƙarfi, duk ƙoƙarin da na yi na ɓoyewa ya tashi a banza.

"Umma, ke ma tsoro kike ji?"

"Sosai ma. Amma ba zan fita ba."

Ta lafe a cinyata, inda rabonta da zama tun kafin a haifi ƙanenta. Dattijon bai tayar da inji ba, da gora ya riƙa tura mu a gefe-gefe, muka wuce mata masu wanki da masu ɗiban yashi. Can sai na ga ta zura yatsa ɗaya a ruwa ta janye. Ta sake zurawa. Da muka dawo shi ya miƙa mata igiya ya ce ta rataya a turke, ta rataya tana cije leɓe.

A hanyar dawowa ta leƙa gadar Numan da ido ɗaya. A Dindima barci take.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ba kullum ƙara tamke ɗa ke tsare shi ba, kuma yaro ba ya buƙatar uwar da ba ta tsoro, wadda ba ta juyawa yake buƙata.

Makon nan aka yi ruwan farko a Bauchi, rafin ya kawo iya idon sawu. Na raka ta da safe. Muna isa ta ja ta tsaya, na ɗauka tsoron ne ya dawo.

"Umma, ba a shiga ruwa da goyo."

Na kwance shi na saɓa a kafaɗa. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta wuce gaba, ni ina biye.